Tanbihi ga 'Yan'uwa a Kan Katin Masu Magani

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Bena da Wasagu da Ribah da sauran ƙasar Zuru, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau hannun wani yaro ne. Almajirina ne, bai wuce shekara goma ba, ubansa ya kawo mini shi amana daga ƙauye. Ya faɗo daga bisa mangwaro, hannun dama ya karye ƙasa da gwiwar hannu. Aka ce mini akwai wani maɗori baƙo da ya sauka a unguwa, na tafi da yaron da kaina. Na tambaye shi wa ya koya masa ɗori. Bai amsa mini ba, sai ya sa hannu aljihu ya fito da kati mai hotonsa da hatimi, an lulluɓe shi da roba, ya ce shi ɗan ƙungiya ne. Ni ban yi boko ba, ban iya karanta abin da ke jikin katin ba, amma da na ga hatimi sai zuciyata ta kwanta. Ya jera karare, ya ɗaure tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai, ko da yaro ya yi kuka. Yaro ya kwana biyu yana kuka, ni kuwa ina ce masa ya yi haƙuri. Ran na uku yatsu suka yi baƙi, suka yi sanyi. Da muka kai asibiti likita ya ce hannun ya riga ya mutu, in ba a yanke ba zai tafi da rai. Aka yanke. Baƙon kuwa ya tashi kafin mu komo.

Ban kama sunan kowa ba, ban kuma kama sunan ƙungiya ba, zama ƙungiyoyin suna da yawa, kuma kati abu ne da ake iya yin jabunsa. Laifin farko nawa ne. Ni da ba na yarda yaro ya ɗauki karatu wurin wanda ban san malaminsa ba, sai ga ni na miƙa hannunsa ga wanda ban san ko garinsu ba.

Daga baya na zauna da wani tsohon maɗori, Badakkare, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Da na ba shi labari ya daɗe bai ce kome ba. Kana ya ce mini a gidansu ba a ɗauri sai an bar wurin da yatsa zai shiga, kuma safe da maraice ana duba farcen mai karaya, a matsa a gani ko jini yana komowa. In yatsu suka kumbura, ko suka daina ji, nan take ake sassautawa. In kuwa ƙashi ya fasa fata ya fito, shi ba ya taɓawa, asibiti yake turawa. Ya ce ɗan gidansu yakan shekara da shekaru yana riƙe wa babba ƙafa yana miƙa tsumma kafin a bar shi ya taɓa karaya shi kaɗai. Wannan tsoho ba shi da kati ko ɗaya.

To, ku duba wannan al'amari da kyau. A zamanin iyayenmu mai magani ba ya bukatar takarda, domin gari ne shaidarsa. Kowa ya san gidan wanzamai, ya san gidan maɗora, ya san ungozomar unguwa da wadda ta koya mata. Wanzamai suna da Sarkin Aska, in ɗayansu ya yi ɓarna akwai wurin kai ƙara, kuma wanda ya lalata hannun ɗan maƙwabcinsa zai ci gaba da haɗuwa da uban a masallaci da kasuwa har ya mutu. Wannan tsoron ya fi kowane hatimi. Yau fa? Rashin zaman lafiya ya watse ƙauyuka, garuruwa sun cika da baƙi, mota mai lasifika tana zuwa ran kasuwa ta sayar da gora ɗaya da aka ce tana maganin basir da shawara da sanyi da rashin haihuwa, kafin la'asar ta wuce. Hanyar asibiti kuma ta yi wuya, saboda haka talaka ya ƙara jingina ga mai ganye. Kati ya zo ya zauna a mazaunin shaidar gari. Tun da haka ne, hukuncinsa hukuncin shaida ne. Wanda ya buga hatimi a kan katin mutumin da bai jarraba ba, don ya biya kuɗin shiga kaɗai, ya yi shaida a kan abin da bai gani ba, ku kuwa kun san sunan wannan a littattafanmu.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi ya zo cikin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah, ma'anarsa wanda ya sa kansa aikin magani ba a san shi da saninsa ba, lamuni yana kansa. Shehu Halilu ma cikin Muhtasar ya ɗora lamuni a kan mai magani in ya jahilta ko ya yi sakaci. Ku lura da sharaɗin da hadisin ya sa, watau a san shi da sani. Wa zai sani? Masana sana'ar. Ashe jarrabawa ba bidi'ar Nasara ba ce. A shekara ta 319 ta Hijira, daidai da 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin magani sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi takarda, aka jarraba mutum fiye da 860. Nan ƙasarmu kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, bai ga magani ya yi ƙanƙanta da alƙalaminsa ba. Ya yi talifi a kan basir, ya yi a kan filasko, ya yi a kan tsutsar ciki, domin a sami abin komawa gare shi maimakon kowa ya faɗi son ransa.

Hukuma ma ta taɓa abin. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufarta a kan maganin gargajiya, akwai kuma ƙungiyar masu maganin ta ƙasa da ake kira NANTMP, a 2018 aka buɗe musu sashe a ma'aikatar lafiya. Sai dai akwai wani abu da ya kamata kowane almajiri ya sani game da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, zama da ita masu lasifika suke rufe bakin mutane. Wani ɗalibina mai boko ya nuna mini cewa lambar mafi yawan magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, mai kama da lamun da aka juya. Ma'anarta an gwada maganin an ga ba guba ba ne, an ba shi izinin shekara biyu. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da mai shi ya ce, har ma ana wajabta rubuta hakan a jikin kwalba. Daɗa wannan lamba ta kwalba ce. Ba ta ce kome a kan mutumin da ke riƙe da kwalbar ba.

Mutanen Gana sun riga mu a nan. A 2000 suka yi doka suka kafa majalisa mai rajistar masu maganin, a 2001 jami'ar Kumasi ta soma koyar da maganin itatuwa har digiri. 'Yan'uwanmu na zango suna ganin wannan da idonsu. Amma ni ba na roƙon a kwafo mana shi yadda yake, domin in aka ce sai mai takardar boko zai shiga, an fitar da tsohon nan Badakkare da ire-irensa, an bar mana masu iya cika fam. Abin da ya dace da mu muna da shi a zaurukanmu, shi ne ijaza. Ba a ba mutum izinin karantar da Risala don ya biya kuɗi. Ana tambayarsa wurin wa ya karanta, shekara nawa, kana a buɗe masa littafi a ce fassara.

Haka nake so shugabannin masu magani na ƙasar Zuru su yi kafin su ba kowa kati. Mai nema ya ambaci wanda ya koya masa, a aika a tambayo, in malamin yana da rai ya zo ya tsaya masa. Kana dattawan sana'a su zauna, da ma'aikacin asibiti guda a cikinsu, a jarraba shi da baka, da Hausa ko da harshen uwarsa. A zube masa sassaƙe da saiwa a tabarma ya rarrabe maɗaci da marke da hano da tafashiya bayan sun bushe, domin a daji kowa gwani ne, a buhu ake gane mai sani. A tambaye shi awo: nawa ga babba, nawa ga yaro, me aka hana mai ciki. A tambaye shi masu kisa, irin su zaƙami da tinya da ƙwayar idon zakara. In wanzami ne a ga yadda yake yi da askarsa tsakanin mutum da mutum, zama ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Kuma a rubuta a katin abin da aka jarraba shi a kai. Maɗori maɗori ne, kada katinsa ya zama izinin karɓar haihuwa.

Amma tambayar da ta fi duka nauyi a wurina ita ce: wane ciwo ne ba naka ba? Macen da ta kwana ta wuni tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata. Yaron da zazzaɓi ya kai shi ga jijjiga. Wanda kububuwa ta sara, jini yana fita ta dasashi. Ƙashin da ya fito waje. Wanda ya ce duk yana iyawa, a tashe shi daga tabarmar, ya faɗi. Da baƙon nan ya san iyakarsa, da yarona yana da hannu.

Sa'an nan ƙungiyar da ba ta iya ƙwace kati ba ta da ikon ba da shi. Lalle a sami littafin ƙara a hannun shugaba, da sanin hakimi. Wanda aka kama yana niƙa ƙwayar asibiti yana zubawa cikin garin magani yana cewa gadon kakansa ne, a karɓe katin, a faɗa a kasuwa. In abin ya kai ga rai ko gaɓa, wannan na alƙali ne, kada 'yan sana'a su rufa wa juna asiri.

In ka ce, tsofaffi ba za su yarda ba, suna tsoron a sace musu asirin gidansu, sai in ce tsoronsu yana da dalili, an sha karɓar sani a wurin talaka a manta da sunansa. Amma jarrabawar da na faɗa ba ta neman haɗin kowa. Tana neman a ga ya san itace, ya san awo, ya san iyaka. Kuma rubutu yakan tsare haƙƙi fiye da yadda ɓoyo yake tsarewa. Maganin amosanin jini da ake kira Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta fitar, asalinsa haɗin wani mai magani ne Bayarabe, Paul Ogunyale: masoro da kanumfari da karan dafi da wani ice dangin madobiya. Da aka yi masa takardar mallaka a Amurka a 1998, sunansa yana ciki tare da na masanan. Nawa ne daga cikin tsofaffinmu suka shiga kabari da abin da ya kai wannan, ba wanda ya rubuta?

In kuma ka ce, ƙaƙa malami zai zauna ƙungiya ɗaya da wanda ba Musulmi ba, sai in ce sanin itace dabam, duba da tsafi dabam. Na biyun ba mu sa masa hannu, ba ma kuma a jarraba shi, balle a ba shi takarda. Na farkon kuwa Dakarkari da Fulanin daji sun fi yawancinmu saninsa nesa ba kusa ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifa, kuma malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin neman magani wurin gwani ko da ba a tabbatar da musuluncinsa ba.

Saura mu. Malamai da yawa yau sun buɗe shago, habbatus sauda da zuma da man zaitun a gaba, garin saiwa a baya, mutane kuwa suna saye saboda rawani. Haddar Alƙur'ani ba ta sanar da mutum awon filasko ba. Wanda zai yi addu'a ya yi, ba mai tambayarsa kati. Amma ranar da ya ɗebi gari ya ce a sha cokali kaza, ya shiga sana'ar wasu, sai ya zauna a tabarmar jarrabawa kamar kowa, ko da limamin gari ne. Ni ma ina da jiƙon shawara da na karɓa daga mahaifina, na daina ba da shi sai na zauna gaban dattawan nan sun ji awona.

Abin da za mu iya ba su shi ne alƙalami. Yawancin masu maganin ba su rubutu, mu kuwa muna da yara masu ajami a kowane zaure. Kowane malami ya ba da ɗalibi guda mai amana, ya zauna wa mai maganin unguwarsu, ya riƙe masa littafi: wa ya zo, me ke damunsa, me aka ba shi da awonsa, ya warke ko an tura shi asibiti ko ya rasu. Littafin ya zauna a hannun mai maganin, ba mai buɗe shi sai ranar sabunta kati ko ranar ƙara. Ni na riga na yi magana da tsohon maɗorin, ya yarda. Yaron nan nawa yana koyon riƙe alƙalami da hagu, baƙinsa ya soma fita, shi zan aika masa bayan salla. Wanda yake da ɗalibin da zai bayar ya aiko da sunansa ta hannun mai raba wannan takarda.

Wassalam.