Abin Da Ya Ci Sarautar Baban

'Yan'uwa, akan ce Turkawa da Farisawa ne suka cinye Baban, sarautar nan ta Kurdawa da ta gina birnin Sulaimaniyya cikin 1784. Ni dai ban ɗora musu laifin duka ba. Lalle ƙasar tana tsakanin manya biyu, amma wa ya riƙa buɗe musu ƙofa? In gwamnan Bagadaza ya naɗa wani, sai ɗan'uwansa ya yi yaji, ya tafi Karmansha, ya komo da rundunar Farisa. Haka aka yi ta yi, har kowace daula ta sami ɗan sarki a hannu. Da daulolin suka daidaita kan iyaka a Arzurum cikin 1847, amfanin Baban ya ƙare musu. Cikin 1850 Turkawa suka tuɓe na ƙarshensu, suka zaunar da nasu hakimi.