Likita Ya Rubuta, Mara Lafiya Bai Ji Ba: Gyaran Da Ya Kamata A Faro Daga Azare

Shekara huɗu ke nan rabon goggona, ƙanwar mahaifina, da ta taka ƙasa da ƙafarta. Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gamawa. Ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani, kuma a lissafin kuɗin gyaɗa babu mai cutarta. Ta je ganin jikoki a wani birni mai nisa, ciwon kai ya matsa mata, ɗanta ya kai ta wani asibiti, aka auna ta aka ce jininta ya hau. Aka rubuta mata maganin wata guda. Ta shanye shi tas, ko rana ɗaya ba ta tsallake ba, domin mace ce mai bin umarni. Da ƙwayoyin suka ƙare, kai ya daina ciwo, sai ta yi hamdala ta koma gida. A saninta magani abu ne da ake sha a warke, kamar na zazzaɓin cizon sauro. Babu wanda ya ce mata hawan jini ba ya tafiya, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa. Bayan wata bakwai aka tsince ta a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Na duba katinta daga baya. Likitan bai yi kuskure a takarda ba: awon daidai ne, maganin daidai ne, har ranar dawowa ya rubuta da Turanci a gefe. Jimla ɗaya ce tak ta ɓace tsakanin bakinsa da kunnenta, kuma wannan jimla ba ta cin gwamnati ko kwabo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari a yanzu shi ne damar da ta faɗo wa yankinmu na Katagum. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa jami'ar kimiyyar lafiya a Azare, tare da takwararta a Ila-Orangun ta Jihar Osun. Azare dama tana da babban asibitin tarayya, wanda jama'a ke nufa daga Zaki, Gamawa, Itas/Gadau, Shira, Giade, Jama'are da Misau, har da maƙwabta na Yobe da Jigawa. Ma'ana, a garin da marasa lafiya ke taruwa da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, da Karekare a bakinsu, a nan ne za a riƙa yaye likitoci da malaman jinya na gobe. Sabuwar makaranta ba ta riga ta sandare a kan tsohuwar al'ada ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da nake so a tanƙwara shi a kai shi ne yadda ake magana da mara lafiya.

Mutane kan ɗauka matsalar ta likitan da aka turo daga Kudu ce, wanda bai iya Hausa ba. Wannan yana ciki, domin asibitin tarayya na kowa ne, kuma masu yi wa ƙasa hidima da masu neman ƙwarewa daga ko'ina suke zuwa. A irin wannan hali tafinta shi ne duk wanda ya gifta: mai shara, mai gadi, ko yaron da ya rako mahaifiyarsa. A yi tunanin matar da za ta bayyana ciwon mara ta bakin ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta kira saboda kunya. Rabin maganar a cikinta za ta koma gida da shi.

Sai dai matsalar ta fi haka zurfi. Likita Bahaushe ma, wanda aka haifa a Azare ko Chinade, da Turanci ya yi shekara shida yana koyon jikin ɗan Adam. Ya san sunan kowace jijiya da harshen Latin, amma ba a taɓa zaunar da shi an ce ga yadda za ka gaya wa manomi cewa ƙodarsa ta fara gazawa ba. Shi kuma mara lafiya yana zuwa da nasa ƙamus. Idan ya ce "sanyi" ke damun sa, yana iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko mura, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. "Basir" buhu ne da ake zuba ciwuka da dama a ciki, daga kumburin ciki har zuwa zubar jini wanda kan iya zama alamar ciwon daji. "Shawara" a bakin tsohuwa ba nasiha ba ce, ido ne ya yi ɗorawa. "Tashin zuciya" ba ruwansa da zuciya. Mace ba za ta ce tana haila ba, cewa za ta yi ba ta salla. Ba za ta ce tana da ciki ba, cewa za ta yi ta yi ɓatan wata. Wanda bai tsaya ya warware waɗannan kalmomi ba, zai rubuta maganin ciwon da ba shi aka kawo masa ba.

Akwai kuma kalmar da na fi jin tsoro a ɗakin likita, wato "da sauƙi". Tarbiyyarmu ce, kuma kyakkyawa ce a muhallinta: ko mutum yana kan gargara, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Likitan da ke zagayen safe da gadaje talatin a gabansa yana iya ɗaukar wannan amsa a matsayin rahoto, alhali gaisuwa ce. Ainihin maganar tana zuwa ne bayan tambaya ta biyu ko ta uku, idan an yi shiru an jira. Haka nan "to" da mara lafiya ke ta faɗa yana gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, ladabi ne ga wanda ake ganin ya fi ka ilimi. A Amurka ma, inda ba su da irin kawaicinmu, wani bincike da aka buga a 1984 ya gano cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Bakatagume a daƙiƙa 18 bai gama sallama ba.

Ina mara lafiya ke zuwa idan ya fito bai gane komai ba? Wajen mai kemis na bakin tasha, ko wajen mai maganin gargajiya a kasuwa. Muna yawan zargin jahilci, amma mu faɗi gaskiya: mai magani yana shimfiɗa tabarma, ya saurare ka har ka gama, ya gaya maka sunan ciwonka da harshenka, da abin da za ka ci da wanda za ka bari. Ko bayanin nasa ƙarya ne, bayani ne. Asibiti na da gaskiya amma ya rufe bakinsa. Shi ya sa miji kan ƙi sa hannu a yi wa matarsa aiki a ciro jariri, domin abin da ya ji kawai shi ne "za a yanka ta", ba a nuna masa dalilin da ya sa kowace sa'a ta jinkiri ke ƙara haɗari ba. Shi ya sa mai ciwon suga kan ɗauki azumi ya ci gaba da shan magani yadda ya saba, ko ya watsar da shi gaba ɗaya, saboda ba a tattauna watan Ramadan da shi ba.

Arewa ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, iyaye kuma suka dage cewa ba a fahimtar da su gwaji ake yi ba. Da aka zo 2003, wannan tabo na cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Yardar da aka ɓarar a ɗaki ɗaya, shekaru aka yi ana tsince ta gida-gida.

Abin mamaki, ba sabuwar doka muke buƙata ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙin amincewa. Ta ƙara da cewa, gwargwadon iko, a yi bayanin da harshen da yake ji, a kuma yi la'akari da zurfin karatunsa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya. Takardu dai mun iya rubuta su. Amma takardar amincewa da tiyata har yanzu da Turanci take a galibin wurare, a miƙa wa mutum ya dangwala yatsa, mu kira wannan yarda.

Ba zan ɗora wa likitoci laifin duka ba. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi kansa ɗan Misau ne, ya faɗa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. Wanda ya rage yana ganin layin da bai da ƙarshe bayan ya kwana a tsaye. Ce masa ya yi hira da kowa kamar ba'a ce. Amma a lura da wani abu: likitanmu da zai tafi Ingila sai ya ci jarrabawar da ake yi a Mancesta, inda ake sa shi gaban mai kwaikwayon mara lafiya a ga yadda zai saurare shi, da yadda zai isar masa da mummunan labari. Watanni yake yi yana shiri. Ashe abin ana koyon sa. Bature ya sa shi sharaɗi, mu kuma muka bar shi ga halin mutum.

A nan ne maganar ta iso teburinku, ku da ke rubuta takardun ma'aikatu da masu riƙe wa 'yan majalisa jaka. Mu da ke Abuja ba ma jin zafin abin sosai, domin idan aka kwantar da namu a gida, waya muke ɗauka mu nemi abokin makaranta da ya zama likita ya karanta mana kati. Da sanayya muke sayen bayanin da doka ta ce na kowa ne. Idan kuma aka zo ayyukan mazaɓu, gini da motar ɗaukar marasa lafiya ake sawa, saboda su ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Ban taɓa ganin an yanke ƙyallen tafinta ba.

Ga abin da nake ganin zai yiwu a Azare ba tare da jiran biliyoyi ba. Jami'ar ta sa Hausar asibiti, da gwargwadon Fulatanci, cikin darussan da sai an ci su za a wuce, kamar yadda Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta daɗe tana koya wa ɗaliban likitanci harsunan Xhosa da Afrikaans. Malaman Hausa ba su yi mana ƙaranci ba, ga su a kwalejin ilimi ta Azare da jami'ar jiha ta Gadau. A haɗa su da likitoci da ungozomomi su tattara kalmomin ciwo na yankin. A buɗe gurbin tafinta a tsarin albashin asibitocin tarayya, mata da maza, masu horo da rantsuwar riƙe sirri. A fassara takardar amincewa zuwa Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta wa wanda bai iya ko ɗaya ba. Teburin SERVICOM da ke asibitoci ya daina zama akwatin ƙorafi kawai, ya riƙa tsayar da mutum goma a bakin ƙofa kowace rana ya tambaye su: me aka ce yana damun ka, yaya za ka sha maganin, yaushe za ka dawo? Adadin waɗanda suka iya amsawa ya shiga rahoton da ake aiko wa ma'aikatar lafiya, kusa da adadin gadaje.

Wata malamar jinya ce ta nuna mini mafi arhar dabarun, ranar da aka sallami goggo bayan jinyar shanyewar jikin. Da ta gama bayani ba ta ce "kin gane?" ba. Cewa ta yi: "Inna, in kin koma gida 'yarki ta tambaye ki me aka ce, me za ki gaya mata?" Goggo ta fara, ta yi kuskure a wuri biyu, aka gyara, ta maimaita. Duka-duka bai kai minti uku ba. Tun daga ranar ba ta fasa shan maganin ba. Kullum da hantsi jikarta ke miƙa mata ƙwayar, ta karɓa da hannun hagu.