Wasiƙa Zuwa Ga Masu Haɗa Kwamfutar Wasa



Ku da ke shagunan Beirut Road da Farm Centre a Kano, da abokan sana'arku na sauran garuruwa, kun ga yadda samari ke zuwa da kuɗin da suka daɗe suna tarawa a haɗa musu kwamfutar buga wasa. Yaro ya san katin hoton da yake so, ya haddace sunan furosesa, amma da an zo kan madabod sai ya ce, "Oga, kai ka sani, zaɓa mini." Amana ya ba ku, kuma a kanta nake wannan rubutu.

Furosesa ce ke zaɓar madabod, don haka a fara da soket. AM4 na AMD, wanda ke ɗaukar Ryzen tun 2017, da DDR4 yake aiki. AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5. Na Intel mai LGA 1700 shi ne mai ruɗi, domin akwai na DDR4, akwai na DDR5, kuma RAM ɗin wannan ba ya shiga ramin wancan. Ko soket ya dace ma da sauran magana: tsohon B450 na gwanjo zai iya ƙin tashi da Ryzen 5000 har sai an sabunta masa BIOS. A tabbatar da wannan kafin a karɓi kuɗin mutum.

Ga abin da ya fi damuna. Tsadar madabod ba ta sa wasa gudu. Aikin katin hoto ne da furosesa. Wanda ya tura yaro ya sayi mai fitilu kala-kala, ya rage masa kuɗin kati, ya cuce shi. Haka ma wanda ya ɗora furosesa mai cin wuta a kan madabod mafi araha don riba ta ƙaru. Ku dubi gefen soket, inda 'yan ƙananan na'urorin nan ke jere, waɗanda ake kira VRM. Su ke karɓar bolt 12 su sauke shi zuwa bolt ɗaya da 'yan kai, su shayar da furosesa, kuma zafi suke yi sosai. A kan masu araha tsirara suke, babu ƙarfen da zai sha musu zafi. A ƙasa mai sanyi ana iya lallaɓawa haka. A Kano kuwa, a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, ɗakin yaron nan ba AC, ga ƙura ta toshe fanka. Sai wasa ya yi nisa furosesa ta rage gudu da kanta, hoto ya soma tsinkewa, ya dawo yana zargin katin da ba shi da laifi. Matsakaicin B550 ko B650 mai ƙarfe a kan VRM ya wadatar da yawancin masu zuwa wurinku.

Wajen ɗaurawa kuma, gaggawa ce ke kashe kaya. Ku fara ɗora madabod a kan kwalinsa, ku sa furosesa da RAM da kati, ku kunna ku ga ya nuna hoto kafin ya shiga akwati. A AM5 da na Intel, alluran suna cikin soket ne, sirara kamar gashi. Furosesa ta suɓuce daga yatsa ta faɗa musu, an gama. A dubi alamar kusurwa, a ajiye ta a hankali, ba dannawa.

Sai 'yan ƙafafun tagullar da ake ɗaurewa a jikin akwati. Kowace ta tsaya daidai ramin ƙusa. Idan akwatin ya zo da su a jeren ATX, ku kuma ƙaramin microATX za ku sa, to ku cire wadda ta faɗa inda babu rami, domin tana iya taɓa bayan madabod ta haɗa wuta. Farantin baya na madabod shi ke fara shiga akwati. RAM biyu, galibi rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Kada a manta wayar wutar furosesa mai ƙafa takwas ta saman kusurwa, kuma a ɓare ledar gindin abin sanyaya furosesa. Da hunturu, iska ta bushe, ku riƙa taɓa ƙarfe kafin ku taɓa kaya.

BIOS kuwa, don Allah kada ku sabunta shi da wutar NEPA kai tsaye. Aka ɗauke a tsakiya, madabod na iya mutuwa. A jona UPS tukuna.

In kun gama, ku miƙa wa mai kaya kwalinsa, da littafinsa, da murfin soket, da ragowar wayoyi. Ku rubuta masa sunan madabod ɗin a rasit, ku gaya masa furosesar da zai iya ƙarawa nan gaba, ku kuma ce ya riƙa kawowa ana hure ƙura.

Allah ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.