Idan Ƙafa Ta Gaji, Me Ya Rage Wa Ɗan Ƙwallo?

A ran 25 ga Mayu, 2025, Gary Lineker ya yi ban kwana da shirin ƙwallon ƙafa na daren Asabar a talabijin na BBC, wanda ya fara gabatarwa tun 1999. Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan mutumin Gaya ko Ajingi da Baturen Ingila? Amsa tana gidajen kallon ƙwallo, inda 'ya'yanmu kan cika maƙil, kowanne na mafarkin zama ɗan wasa a Turai.

Lineker ɗan mai sayar da kayan lambu ne a kasuwar Lesta. Ya ci wa Ingila ƙwallo 48 cikin wasa 80, kuma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1986. Ya ajiye takalmi a 1994. Abin lura shi ne, shekarun da ya yi yana sharhi sun zarce waɗanda ya yi a fili. Sai da ya zauna ya koyi aikin rediyo tukuna, kafin a ba shi babbar kujera.

Mu ma muna da namu. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya tashi daga ƙungiyar Ranchers Bees, ya ɗauki kofin FA tare da Everton a 1995, ya kuma samo zinariya a Atlanta a 1996. Ciwon gwiwa ya dakushe shi tun bai cika shekara 30 ba. Amma da yake yana da baki da sanin wasa, ya koma horar da 'yan wasa da yin sharhi a talabijin.

Sai dai ba kowa ke dacewa ba. Rashidi Yekini, shi ma haifaffen Kaduna, ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, amma ya rasu a Ibadan a 2012 cikin kaɗaici. Idan haka ta sami gwarzon Afirka na 1993, ina ga dubban da ba su ko kai Kano Pillars ba?

Ba muna cewa a hana yara wasa ba ne. Abin da muke gani shi ne, ƙwallo sana'ar ƙuruciya ce, rauni guda kan iya kashe ta rana ɗaya. Yaron da ya bar aji ko gona saboda ita ya saki reshe ya kama ganye. Mai sharhi kuwa sai da karatu, da iya harshe, da haƙurin koyo.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu horar da ƙungiyoyin unguwa a Gaya da Ajingi su sa sharaɗi: ba makaranta ko koyon sana'a, ba riga. Ƙananan hukumomin biyu kuma su riƙa shirya gasa tsakanin makarantu, domin mai son wasa ya same shi a inda littafi yake. Tun ran gini tun ran zane.