Tsadar Waya Ba Ta Gyara Murya

Babu abin da ya fi cutar da sabon mai karatu kamar ya ɗauka duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne. An koyi karatu ne don a tsere wa macuta, amma akwai waɗansu macuta da takarda su ke farauta. Ga misali ɗaya wanda ya kamata mutanen Birnin Kebbi da Argungu su yi hattara da shi.

Yau da wuya a sami masallacin Jumma'a, ko makarantar Islamiyya, ko gidan biki, inda babu lasifika. Ko a bakin Matan Fada, wurin bikin kamun kifin nan da aka soma tun 1934, da ita a ke yi wa jama'a sanarwa. Kuɗin waɗannan kaya kuwa sau da yawa karo-karo ne na manoma da masunta. To, wakilin jama'a ya shiga kanti, sai a ɗauko masa waya mai bakin zinariya cikin kwali mai ƙyalli, a ce ita ke tace murya, a tsawwala mata kuɗi, a nuna masa yabon da aka buga a bayan kwalin.

Asalin irin wannan yabo daga mujallun kayan sauti na Turai da Amurka ya ke. A can marubuci ya kan zauna ya saurari waya alhali ya san sunanta, ya san kuɗinta, sa'an nan ya rubuta wai ta sa muryar mawaƙi ta yi ɗumi. Da yawa daga mujallun nan kuwa da kuɗin tallar masu sayar da kayan su ke rayuwa. Ina dillalin da zai kushe hajar mai ba shi la'ada?

Manomin shinkafa na fadamar Rima ya riga ya san gaskiyar al'amarin. Tiyon injin ban ruwa, in ya cika siriri ko ya cika tsawo, ruwa ya kan ragu kafin ya kai gona. In faɗinsa ya isa, shi ke nan. Ko an shafe shi da zinariya, ruwan da injin ya zuƙo shi zai fita. Haka waya ta ke ga lantarki. Abin da a ke nema gare ta uku ne: ta zama jan ƙarfe na gaske, kaurinta ya dace da tsawonta, mahaɗinta ya kama sosai. Zinariya ma ba ta kai jan ƙarfe saurin ratsar lantarki ba, amfaninta a bakin waya hana tsatsa ne kawai.

An kuwa jarraba. A 1983 mujallar Stereo Review ta Amurka ta tara masu saurare, ta ɓoye musu wace waya ce a ke amfani da ita. Sun gane waya mai sirantaka ƙwarai, amma da aka sa waƙa, sun kasa raba mai tsada da waya mai kauri ta gama-gari. A 2007 wani mutum mai tona asirin 'yan damfara, James Randi, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai rarrabe wata waya ta dala 7,250 da kunne kaɗai. Aka yi ta musu, ba a yi jarrabawar ba, ba wanda ya ci kuɗin.

Kada mai karatu ya ce ashe kowace waya ɗaya ce. Akwai jabu, watau alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ƙarfinsa na ɗaukar lantarki kimanin kashi 60 cikin 100 ne na jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari, a mayar wa mai ita. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Duk wanda aka danƙa wa kuɗin jama'a, ya ce a gwada masa. Ya juya baya, wani amintacce ya riƙa sauya wayoyin nan biyu har sau 10, shi kuwa yana faɗin wadda ya ji. Mai kintace ma ya kan dace wajen sau 5, saboda haka in bai wuce nan sosai ba, kunnensa bai ji kome ba. Rarar kuɗin a sa ta wurin lasifika mai kyau da batir mai ƙarfi, domin nan ne murya ke gyaruwa. Amana ce ya ɗauko, kuma wanda ya iya karatu ba shi da hanzarin cewa kwali ne ya ruɗe shi.