Wasiƙa Daga Kende: Goge Ma Littafi Ne

Zuwa ga Edita,

Maganata ta wannan mako ga malaman makarantun sakandare take, masu kukan rashin littafin koyar da tarihin kiɗa, balle na tausayin dabbobi. Ya 'yan'uwana, abin da kuke nema yana bakin ƙofarku.

Ku gayyato mai goge cikin aji, yara su duba da idonsu. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa kuwa izgar doki ce. Kalangu kuma da fatar akuya ake rufe shi. Ashe in ba dabba, babu kiɗa. Daga nan sai malam ya shiga tarihi: Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata wanda ya rasu a 1999. Dattawan da suka ga wasansu suna ta ƙarewa, sai a aiki yara su rubuto abin da suka sani tun da sauran lokaci.

Sa'an nan a tambayi yara, wane hakki dabba ke da shi a kanmu? Su tafi kasuwa su ƙidayo jakuna masu miki a gadon baya, su binciko dalili. A sanar da su cewa a 2024 Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fatunsu, waɗanda ake kwasa zuwa ƙasar Sin. Mu da ke kusa da iyakar Benin, inda fatake ke ratsawa, mun fi kowa bukatar wannan darasi.

Allah ya sa mu gane, amin.

Naku,
Wani malamin makaranta, Kende