Keken Kakanka Ya Isa: Mu Sauka Daga Kwalta, Mu Bi Burtali

Yau kan keke za mu hau, amma ba titin kwalta za mu bi ba.

A ƙasashen Turawa akwai wani wasa da ya karɓu sosai a 'yan shekarun nan, wato tuƙa keke a hanyoyin burji da tsakuwa, inda babu mota babu hayaƙi. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, tun shekarar 2006 ake yin wata gasa mai tsawon mil 200, kimanin kilomita 320 ke nan. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a ƙasar Italiya. A Kenya ma ana yin irinsa a dajin Masai Mara. Mutane na kashe kuɗi masu yawa, su hau jirgin sama, don kawai su samu hanyar ƙasa mai shiru da ta ratsa kwari da tudu.

To, ɗan Boɗinga ko ɗan Shagari, me kake gani in ka fita bayan gari? Ita ce dai wannan hanyar, kuma kyauta.

Wani zai ce ai su kekensu na musamman ne. Gaskiya ne yana da giya kuma ba shi da nauyi, amma babban sirrinsa faɗin taya ne. Tayar keken tseren kwalta siririya ce, ta keken burji kuwa takan kai milimita 40 ko fiye. Ku je ku auna tayar tsohon Raleigh ko Phoenix da ke jingine a zaurenku, za ku tarar da ita wajen milimita 38 zuwa 40. Ashe keken da kakanku ya riƙa kai albasa kasuwa da shi, don irin wannan hanya aka ƙera shi.

Me ya sa nake so ku sauka daga kwalta? Babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega, titin tirela ne da tanka da motocin haya masu gudu. Iskar tirela kaɗai tana iya tunkuɗe yaro daga kan keke. A burtali kuwa abokan tafiyarka jaki ne da raƙumi da amalanke, sai babur jefi-jefi. A nan ne za ka iya ɗaga kai ka dubi ƙasarka.

Kuma akwai abin dubawa. Ga Sifawa a ƙaramar hukumar Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi. Ga garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda aka binne a can bayan rasuwarsa a Disambar 2018. Kafin siyasa malamin makaranta ne, har ya rubuta Waƙar Nijeriya don koya wa ɗalibai labarin ƙasa. Abin da kuke haddacewa don jarrabawa, ga shi keke zai kai ku ku gani da ido.

Ita ma ƙasar darasi ce, kuma ƙafarka ce za ta fara karanta ta. A kan tudun marmara taya na gudu tana ƙara, domin ƙasar ta yi tauri. Wannan taurin ne ya hana ruwan sama cinye tudun, shi ya sa kansa yake a shimfiɗe. Da ka gangaro jigawa, inda ake gero da wake, sai yashi ya riƙe taya. In ka ƙara gangarawa ka ga ƙasa ta yi baƙi, ga albasa da tumatir kore shar a tsakiyar rani, to ka shigo fadama, ruwa na kusa da sama. Ka lura da gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ba ya sare shi.

Kowace irin ƙasa da tuƙinta. A yashi, ka ɗan rage iskar taya, ka matsa baya a kan sirdi, ka ci gaba da taka feda, kada ka murɗa kan keke da ƙarfi. A gangaren tsakuwa, birkin baya za ka fi dogara da shi, a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai, ƙasa zai sha. Ka bi tsakiyar hanya inda ƙafa da kofato suka daddaɓe, domin tsidau da ƙayar aduwa a gefe suke jira. Kada ka cika wa sarƙa mai, ƙura ce za ta manne ta cinye ta. Ɗigo kaɗan, sai ka goge da tsumma. A kariya ka ɗaure famfo, da faci da sholisho, da gorar ruwa babba. In ba ka iya faci ba, ka zauna wurin mai faci na unguwarku yini ɗaya, ka iya.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Hanyar da babu mota, sau da yawa babu mai kawo ɗauki. Saboda haka sharuɗɗa huɗu ne.

Na farko, izini. Ku faɗa wa iyaye inda za ku da lokacin dawowa. Kun san halin tsaro da wasu sassan jiharmu ke ciki. Hanyar da manya ko mai unguwa suka ce a bari, a bar ta, babu jarumta a ciki. Ku tsaya kan hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka na kusa, inda mutane ke kai da kawowa.

Na biyu, kada a tafi ƙasa da mutum uku. In ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Na uku, rana. A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40. Ku fita da sassafe, ku dawo kafin rana ta take. Lokacin hunturu ya fi daɗin tafiya. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa.

Na huɗu, ruwa. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu sa'o'inku ne. Allah Ya jiƙan su. Ku kalli madatsar ruwan Shagari daga nesa. Kada ku shiga wanka, kada ku ɗora kekuna a jirgin da ya cika, kada ku ratsa rafi mai gudu da damina ko da kuna ganin iya gwiwa ne.

Sai ladabi. Burtali ba naku ba ne ku kaɗai. Ku yi wa manomi sallama, kada taya ta hau kunyarsa. In garke ya taho, ku sauka ku raɓe har ya wuce. In kun hango mata ɗauke da kaya, ku kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ku rage gudu.

Ga aikin gida. Faɗin ƙafar babban keke wajen santimita 71 ne. Ku ninka da 3.14, za ku samu kusan santimita 223. Ke nan juyi 450 ya kai kimanin kilomita ɗaya. Ku ɗaura ƙyalle a jikin waya ɗaya ta ƙafar gaba, ku tura keken daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta kuna ƙirga juyinsa, ku fitar da nisan. Sannan ku zana taswirar hanyar, ku nuna tudu da yashi da fadama da manyan itatuwa da sunayensu. Maza da mata duk ku gwada, ku aiko mana ta hannun malaminku na labarin ƙasa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.